Marigayiya Daso da rabon masu fitowa a mugaye

Malam Awudu, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso. An haife ta a 1968, ta shiga harkar fim a Kano a shekarar 2000, ta kuma rasu ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen watan azumi, ana shirin ƙaramar Sallah, tana da shekara 56. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata.

A tsawon shekarun da ta yi tana wannan sana'a, ba ita ce yarinyar da ake yi wa waƙa ba, ba kuma a kanta ake gina soyayyar labari ba. Rabonta shi ne uwar miji mai faɗa, ko kishiya mai makirci, ko gwaggon da ke shiga tsakanin masoya ta raba su. Duk da haka, idan ka tambayi matan da suka yi kallon kaset a unguwannin Aboabo ko Asawase da ke nan Kumasi, ƙasar Ghana, a waɗancan shekaru, za ka tarar da yawansu sun manta sunan yarinyar da aka zalunta a fim ɗin, amma fuskar Daso da muryarta suna nan a ransu daram. Tambayata ita ce: me ya sa haka, kuma shin masana'antar fim da mu masu kallo mun ba irin waɗannan 'yan wasa haƙƙinsu?

Hajiya Ramatu, Asawase

Wa alaikumus salam, Malam. Amin summa amin. A lokacin da kake magana a kai, 'yan kasuwarmu masu zuwa Legas da Kano ne ke shigo da kaset ɗin, masu shago su saya su riƙa bayarwa haya. Gidan da ke da bidiyo, bayan sallar isha'i tsakar gidansa kan cika da mata da yara. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Allah ya jiƙanta, wadda da zarar Daso ta bayyana sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta matso gaban talabijin tana tsaki tana ja mata Allah ya isa, har sai an tuna mata cewa wasa ne. Gobe kuma ita ce ta farkon zuwa da kujerarta.

Abin da ni na lura da shi a wasanta ba ihun ba ne, domin ihu kowa ya iya. Yadda take amsa gaisuwa ne. Surukarta za ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ita kuwa ba za ta dube ta ba, sai ta ci gaba da gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta bar yarinyar a durƙushe har gwiwarta ta fara rawa, sannan ta ce "lafiya" can ƙasan maƙoshi, idonta na kallon wani wuri dabam. Duk macen da ta taɓa zama a gidan miji ta san wannan amsar, ko dai an yi mata, ko ta ga an yi wa wata. Ba na jin marubuci ne ya rubuta mata hakan a takarda. Mace ce da ta zauna cikin mata, ta kalle su da idon basira, ta ɗauko abin da ta gani ta ajiye mana a gabanmu.

Ustaz Bashiru, Tafo Zango

Allah ya gafarta mata. An hore mu da ambaton alherin mamatanmu, saboda haka maganata ba a kan ita kanta take ba, a kan irin matsayin da ake ba ta take. Hajiya, ƙwarewar da kika yaba ita ce abin da ke damuna. Idan mai wasa ya iya mugunta har ta zauna a zukatan mutane, to ita ce za ta zauna, ba nasihar da aka liƙa a ƙarshen fim ba. Za a kwashe fiye da awa guda ana nuna makirci da zuwa wurin boka dalla-dalla, sannan a minti biyun ƙarshe a nuna matar ta haukace ko ta yi nadama, a ce an yi wa'azi. Yarinyar da ta taso tana kallon wannan, ranar da aka kai ta ɗakin miji tana shiga ne da tsoron uwar mijinta tun kafin ta ji kalma ɗaya daga bakinta, alhali wataƙila baiwar Allah ce mai son ta riƙe ta kamar 'yar cikinta. Ina zama a sulhun aure a unguwarmu, kuma na sha ganin amaren da suka shigo da wannan zato a ransu. Irin wannan damuwa ce ta sa gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, ba don ƙin nishaɗi ba.

Hajiya Ramatu, Asawase

Ustaz, Allah ya ƙara ilimi, amma kafin a ƙirƙiro kaset, kakanninmu suna yi mana tatsuniyar bora da mowa da ta kishiyar uwa mai azabtar da marainiya. Fim bai kawo wannan tsoro ba, ya tarar da shi ne a gida.

Sadiya, Asokore Mampong

Ina gaida iyayena da malamaina. Ina tare da Ustaz a wani ɓangare, sai dai ni a kan marubuta da daraktoci nake ɗora laifin. Shekara fiye da ashirin suna da 'yar wasa mai irin wannan baiwa a hannunsu, amma mafi yawan lokaci abu ɗaya suke nema daga gare ta. Ba kasafai ake gaya mana dalilin da ya sa uwar mijin nan ta zama haka ba. Wace irin wahala ta sha a nata gidan auren? Shin ɗan nan shi kaɗai ne gatanta bayan mijinta ya yi mata kishiya ya juya mata baya, shi ya sa take ganin amarya ta zo ƙwace mata shi? Da an rubuta mata irin wannan labari, da mai kallo zai ji haushinta ya kuma tausaya mata a lokaci guda, kuma da damuwar Ustaz ta ragu, domin amarya za ta koyi fahimtar tsohuwar maimakon tsoronta kawai.

Mu nan Kumasi mun ga irin wannan da idonmu. 'Yar wasa Rose Mensah ta fito a mayya a finafinan harshen Twi har sunan ɗaya daga cikinsu, wato Kyeiwaa, ya danne sunanta na yanka, masu shirya fim kuma suka ɗauka cewa abin da ta iya ke nan. Mma Hajiya, ina ganin wannan tauye baiwa ne. Ku duba, a 2016 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba Daso muƙamin jakadiya a fadarsa. Fada ba ta ɗaukar wanda bai san ladabi da iya magana da zama da manya ba. Ke nan akwai natsuwa da dattaku a tare da ita waɗanda finafinai ba su cika neman su nuna mana ba.

Nuhu, Sabon Zango

Ina cikin matasan da ke shirya wasan kwaikwayo na Hausa a nan Zango, wato unguwannin Hausawa na Kumasi, muna ɗauka da kyamara muna sawa a intanet, saboda haka ku ba ni dama in yi magana ta ɓangaren aikin.

Jarumi da jaruma suna da abubuwa da yawa masu taimakonsu. Akwai kwalliya, akwai waƙa, kyamara tana kansu daga farko har ƙarshe, mai kallo kuma ya shigo da niyyar son su. Mai fitowa a uwa ko gwaggo ko boka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fitowa uku ko huɗu ce rabonsa, sau da yawa kuma sai ya iso wurin ɗauka ake ba shi labarin a baki, a ce masa ga abin da ake so ya faru, shi zai nemo kalmomin da kansa. A cikin minti ɗaya na farko dole mai kallo ya gane ko wace ce wannan mata, ya kuma ji tsoron abin da za ta iya aikatawa. Idan hakan bai samu ba, duk kukan da jaruma za ta yi daga baya ya tashi a banza, domin babu wanda zai yarda cewa an cuce ta. Mun taɓa ɗaukar wata fitowa inda yarinyar ta yi kuka na gaske har muryarta ta dishe, amma da muka zauna tacewa sai muka ga abin bai taɓa zuciya ba, saboda wadda ta fito a kishiyar uwa tana faɗa tana satar kallon kyamara, kunya ta hana ta sakin jiki, kamar mai roƙon masu kallo kada su ɗauke ta da gaske. Daso ba ta da wannan roƙo a fuskarta. Ta yarda a tsane ta har a tashi daga kallo, kuma wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Yaya Sadiya, a nan ne na saɓa miki kaɗan. Zama a matsayi ɗaya ba kullum ne yake zama tauyewa ba. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya ɗauki kamannin samanja ya riƙe shi shekaru masu yawa a rediyo da talabijin a Kaduna, har ya rasu a Nuwamban 2023 mutane ba su san shi da wani suna ba sai Samanja. Haka Rabilu Musa, wanda ya yi aikin gidan yari kafin ya zama Ibro, ya rasu a Disamban 2014 da wannan suna. Babu wanda zai ce an tauye su. Ƙari a kan haka, 'yan matan da ke jan fim a Kano yawancinsu shekaru kaɗan suke yi, da zarar sun yi aure sai su bar harkar, wasu sababbi su maye gurbinsu. Masu fitowa a iyaye su ne ke daɗewa. Daso ta yi wasa da jarumai rukuni bayan rukuni, suna zuwa suna wucewa, ita tana nan.

Sadiya, Asokore Mampong

Ƙanena Nuhu, Samanja da Ibro su ne suka ƙera nasu kamannin, labari kuma a kansu ake gina shi, sannan jama'a dariya suke yi musu, suna son su. Wadda aka ajiye a matsayin muguwa a gefen labarin wani, tsana take kwasa ta koma gida da ita. Ba ɗaya ba ne. Idan ana neman misalin ɗan wasan da aka bar shi ya nuna faɗin baiwarsa, to marigayi Ƙasimu Yero ne, wanda ya rasu a 2017, domin ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci a talabijin, ya ba da dariya ya kuma fito a dattijo mai kwarjini. Irin wannan fili nake cewa ba a ba matan da ke fitowa a iyaye ba.

Alhaji Tanko, Alabar

Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka zan ja ku zuwa maganar kuɗi, wadda ita ce rabi na biyu na tambayar Malam Awudu. Ban san abin da marigayiya ta samu a sana'arta ba sai abin da ido ya gani na rufin asiri, amma halin da takwarorinta ke ciki ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairun 2022, Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, dattijuwar da ke wasa tun zamanin wasannin talabijin, ta yi hira da BBC Hausa ta ce abin da ake ba ta idan ta fito a fim bai cika wuce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Maganar ta tayar da ƙura, wasu manyan masu shirya fim suka fito suka ce su kam sun biya ta fiye da haka. Ko wane ne ya fi gaskiya a lissafi, abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwa mai wannan suna ta kai ga yin irin wannan kuka a gaban duniya.

Kada kuma mu ce matsalar Kano ce kaɗai. Ɗan wasan talabijin Psalm Adjeteyfio, wanda duk Ghana ta sani da T.T., ya fito a 2021 yana neman a taimaka masa da kuɗin haya, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ba shi sidi 50,000. A Afrilun 2022 ya rasu. Mutumin da ya shiga kowane ɗaki a ƙasar nan ta akwatin talabijin, a ƙarshen rayuwarsa ɗakin kwana ne ya zame masa abin damuwa. Kyautar manya alheri ce, Allah ya saka musu, amma sai wanda muryarsa ta kai kunnensu yake samu. Sauran fa?

Malam Awudu, Aboabo

Alhaji, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Sai dai kafin mu ɗora wa masu shirya fim dukan laifi, ya kamata mu dubi yadda kasuwar take tun asali. Finafinan bidiyo na Hausa sun faro ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano a wajajen 1990, ba da jarin banki ko na gwamnati ba. Mai fim yakan haɗa ɗan kuɗinsa ya ɗauka, ya kai wa dillalan kaset na kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, abin da suka ba shi da abin da aka sayar a makonnin farko shi ne ribarsa. Bayan nan masu kwafar fim ba da izini ba sukan cika kasuwa. Faifan da aka riƙa sayarwa a kasuwannin Kejetia da Alabar na nan Kumasi, nawa ne daga cikinsu kuɗinsu ya koma Kano? Da faifai ya mutu, sai aka koma tura fim a waya a kan 'yan kuɗi kaɗan, nan ma babu abin da ke isa hannun mai fim, balle ɗan wasa. Zuwan tashar talabijin ta Arewa24 a 2014 da finafinai masu dogon zango a YouTube ya ɗan sauya lamarin, domin wanda aka ba matsayin uba ko uwa a irin wannan shiri yana da aiki na watanni, ba na yini guda ba. Amma tsarin biyan bai sauya ba a mafi yawan wurare: a biya ka sau ɗaya, fim ya yi ta yawo shekara da shekaru, kai kuwa ba ka da sauran rabo a cikinsa. Jarumin da fuskarsa ke sayar da fim yana iya yin ciniki, yana kuma samun tallace-tallace daga kamfanoni. Wane kamfani ne zai ɗauki wadda jama'a suka saba tsinewa ta tallata masa kaya cikin sauƙi? Ke nan ƙwarewarta a aikin tana iya rufe mata wata ƙofar samu.

Sadiya, Asokore Mampong

Shi ya sa rubutacciyar yarjejeniya take da muhimmanci, Malam. A Najeriya akwai ƙungiyar MOPPAN ta masu harkar fim, a nan Ghana kuma akwai ARSOG mai karɓar kuɗin haƙƙin mallaka a madadin masu finafinai. YouTube yana nuna adadin waɗanda suka kalli kowane shiri a fili, saboda haka yanzu ba wuya a ce wa ɗan wasa ga kasonka idan kallo ya kai kaza. Abin da ke hanawa shi ne kunya irin tamu, inda dattijuwa ba za ta iya cewa yaron da take kira ɗanta ya kawo takarda su sa hannu ba, shi kuma ya fake da wannan kunyar ya ba ta abin da ya ga dama da sunan kuɗin mota.

Ustaz Bashiru, Tafo Zango

A kan haƙƙin ma'aikaci babu saɓani tsakanina da ku, domin addini ya yi umarni a biya shi ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma wanda ya ci gumin tsohuwa zai amsa tambaya. Haka nan wanda ya zagi 'yar wasa a hanya ko ya ƙi gaisawa da ita saboda abin da ya gani a fim, ya zalunce ta, domin ya hukunta ta da laifin da ba ta aikata ba. Amma ina nan a kan bakana game da abin da ake nunawa. Shawarar 'yata Sadiya ta a bayyana dalilin muguntar tana da kyau, da sharaɗin kada bayyana dalili ya zama wanke mai laifi. Ina kuma so in ga an ba irin waɗannan ƙwararrun matsayin uwar miji mai adalci, wadda za ta tsawata wa ɗanta idan ya cuci matarsa, a yi shi da ƙarfi da kwarjini yadda ake yin na mugunta. Irin waɗannan iyaye suna nan da yawa a Zango, na san su, amma ba na ganin su a fim.

Nuhu, Sabon Zango

Ustaz, za mu so mu yi hakan, kuma akwai labarin da muke rubutawa yanzu mai uwar miji biyu, ɗaya mai zafi ɗaya mai adalci. Matsalarmu ita ce samun wadda za ta hau matsayin mai zafin. Kano babban birni ne, 'yar wasa tana iya gama aikinta ta koma unguwarsu inda aka san halinta na gaskiya. Zango kuwa kowa ya san kowa. Duk dattijuwar da muka tunkara sai ta ce a ba ta ta kirkin, domin idan ta fito a muguwa, gobe a gidan suna ko a kasuwar Asawase da wannan sunan za a kira ta, kuma tana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, tana da surukai da za su gani. Wata ta amince, mijinta ya hana. Abin da muke yi dole shi ne mu ɗauki yarinya 'yar shekara ashirin da wani abu, mu shafa mata hoda a gira, mu ɗaura mata zane a kan riga, mu ce ita ce uwar miji. Kowa ya kalla ya san ba ita ba ce, domin tafiyar dattijuwa da zamanta da yadda take jan magana ba a shafa su da hoda.

Hajiya Ramatu, Asawase

Ɗana Nuhu, matan da suka ƙi ba su yi laifi ba, gaskiya suka gaya maka, domin bakin mutanenmu ba shi da linzami. Ni 'ya'yana mata duk suna ɗakunansu, maigidana kuma ba ya hana ni abin da bai saɓa wa addini ba, amma ba zan yi maka alkawari ba sai na ga labarin. Ka turo mini shi in karanta, ko ka zo gida bayan la'asar ka karanta mini. Idan mai zafin nan an rubuta ta ne tana ihu daga farko har ƙarshe ba tare da an san abin da ke cin ta ba, ka nemi wata. Idan kuwa an ba ta dalili irin wanda Sadiya ta faɗa, to akwai abubuwan da zan gyara maka a bakinta, domin akwai maganganun da uwar miji ba ta faɗa a gaban ɗanta, sai ya fita take faɗar su.

Nuhu, Sabon Zango

Na gode, Mma. Zan zo da shi ranar Asabar in Allah ya yarda, tare da wanda muke rubutun da shi. Yaya Sadiya, ina roƙon ki taimaka mana da tsara takardar yarjejeniyar da kika ambata, wadda za ta nuna kuɗin fitowa da kuma kason kowa daga abin da YouTube zai kawo, domin mu kai wa Mma ita da labarin a tare.